WACE AREWA AKE NUNA WA 'YA'YANMU NA KURMI?

Daga wakilinmu na Bauchi

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata 'yar magana ce da wani yaro ya yi mini a nan Ƙofar Ran, cikin birnin Bauchi, wadda har yanzu ta hana ni sakat. Yaron ɗan wana ne, shekararsa 12, a Agege aka haife shi, uban kuwa albasa yake sayarwa a kasuwar Mil 12. Bai taɓa zuwa gida da wayonsa ba sai hutun da ya wuce, sa'ad da aka haɗo shi da wani direban babbar mota ɗan unguwarmu don ya zo ya ga kakarsa. Da muka sauke shi muka shigo lungu, ya dubi katangar ƙasa da zauren gidanmu da awaki ɗaure a turke, sai ya ja hannun rigata ya ce, "Baffa, yaushe za mu ƙarasa cikin gari?" Na ce masa, "Ai nan ne cikin gari, ɗana, ga ka tsakiyar Bauchin Yakubu." Ya yi shiru, can sai ya ce, "To, ina gidajen nan da ake nunawa a fim, masu bene da maigadi?"

Mutanen gida suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma da dare ya yi na kwanta sai maganar ta dawo mini. Yaron nan bai tashi a gaban kakarsa ba balle ya ji tatsuniya, bai san dandali ba, bai taɓa bin kowa gona ba. A makaranta Turanci yake ji, a titi Yarbanci. Hausar da yake samu ita ce ta cikin ɗakin uwarsa, sai kuma ta wasannin kwaikwayon nan masu dogon zango da ake kallo a telebijin da wayar hannu. Ashe su ne Arewar da ya sani. Yara irinsa kuwa suna nan da yawa a kowane zango na Kurmi. Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da za mu daina ɗaukar waɗannan wasanni abin ɓata lokaci kawai, mu auna su yadda mukan auna malamin da za mu danƙa wa 'ya'yanmu.

INDA AKA FITO

Mu da muke cikin shekara talatin da 'yan kai mun tarar da ƙarshen zamanin wasannin telebijin na da. Mukan taru a gidan maƙwabci mai akwatin telebijin, a shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, wanda ya yi surutu a kore shi. Iyayenmu sun fi mu cin moriyar wannan zamani, don su ne suka ga Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu na Jos, da Kuliya Manta Sabo na Kano, tun suna kan ganiyarsu. Kayan aikin mutanen nan ba su taka kara sun karya ba, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa. Amma duk wanda ya zauna ya kalla zai ga barikin soja da kotun alƙali da kasuwa da zaure kamar yadda ya san su, kuma in lokacin shirin ya cika an gama maganar da aka ɗauko, kowa ya tashi da abin da zai tuna.

A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, watau fim ɗin Hausa na farko na kaset, daga nan sana'ar da aka zo ana kira Kannywood ta kafu. Kaset ya ba faifan CD wuri, shi kuma faifan masu satar fasaha da masu tura fim a waya kan 'yan kuɗi kaɗan suka kashe kasuwarsa. Ana cikin wannan hali aka buɗe tashar Arewa24 a 2014, ta zo da wasan kwaikwayo na mako-mako. Sa'an nan a 2020 cutar korona ta kulle mutane a gida, gidajen silima suka rufe, masu shirya fim suka juya gaba ɗaya zuwa YouTube. A wannan shekara ce Izzar So da Labarina suka fito suka kama gari. Yau a teburin mai shayin da nake zama a Ƙofar Ran, da wuya dare ya yi ba ka ga samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon sabon kashi ba. Na tabbata haka abin yake a Alaba Rago da Sabon Shagamu.

A BA MAI HAƘƘI HAƘƘINSA

Kafin in faɗi inda na ga kasawa, wajibi ne in yi yabo, don yabon gwani ya zama dole. Mutanen nan sun ƙwato mana 'yan kallo daga hannun finafinan Indiya masu fassara, waɗanda a wani lokaci suka kusa shafe namu daga kasuwa. Hoto ya gyaru, murya ta fita, rawa da waƙar da ake cusawa ba dalili ta ragu ƙwarai. Matasa masu yawa sun sami abin yi, daga mai riƙe kyamara har mai dafa wa 'yan wasa abinci.

Daɗin Kowa na Arewa24, wanda ya ci lambar yabo ta AMVCA a 2016, shi ne a ganina ya fi kowanne kama da mu. Garin da aka ƙirƙira a cikinsa yana da mai shayi, da malamin tsangaya da almajiransa, da ɗan ƙwaya, da Kirista da Musulmi suna maƙwabtaka. Duk wanda ya ga Kamaye da matarsa Adama, ko Malam Nata'ala da rigingimun gidansa, zai ce ai na san wannan mutum, a unguwarmu yake. Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019, ya yi abin da ba a saba yi ba, ya ɗauki siyasa da aikin jarida ya baje su a faifai a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa. Sani Mu'azu ya fito a Gwamna Bawa Maikada har wasu 'yan kallo suka riƙa jin haushinsa kamar da gaske. A nan mutum zai ga yadda ake sayen ƙuri'a, da yadda asibitin gwamnati ke zama ba magani, da yadda ake toshe bakin ɗan jarida.

Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ban dariya ne, amma a ƙarƙashin dariyar akwai magana mai nauyi, watau tsoho mai dukiya da ya tara 'ya'ya bai ba su tarbiyya ba, ga su sun kewaye shi kowa idonsa a kan gado. Manyan Mata na Abdul Amart ya taɓo almajirci da wulaƙancin da ake yi wa mata a gidan aure. Garwashi, wanda Fauziyya D. Sulaiman ta rubuta, ya nuna halin da mace ke shiga in mijinta ya rasu ya bar ta a hannun dangi. Waɗannan duka sun nuna cewa in an so a yi, ana iyawa.

CIWON FALO

To, amma fa waɗannan su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan abin da ake zubo mana kowane mako yana fama da wani ciwo guda, wanda ni na sa wa suna ciwon falo. Buɗe wanda ka ga dama ka gani. Za a fara da ƙaton gida mai bene, maigadi ya ruga ya buɗe ƙofa, mota mai baƙin gilashi ta shigo. Alhaji ya fito ya shiga falo, Hajiya tana zaune a kujera mai kama da gadon sarauta, 'yar aiki ta kawo lemo. Daga nan kuma sai magana. A falon nan za a ƙulla soyayya, a nan za a warware ta, a nan za a yi makirci, a nan za a yi kuka. Sai a yi wata guda ana kallo ba a ga rana ta faɗi a kan gona ba, ba a ga mutum yana gumi a kan sana'arsa ba.

Ko manyan wasannin da jama'a suka fi so ba su tsira ba. Izzar So na Lawan Ahmad ya zo da niyya mai kyau, ya kawo Umar Hashim, saurayi mai gaskiya da riƙon amana, ya haɗa shi da Hajiya Nafisa mai ji da dukiyar ubanta. Amma duniyar labarin tana tsakanin ofishin kamfani da falon masu kamfani. Labarina na Aminu Saira, wanda a wajen ƙwarewar aiki ba na jin akwai na gabansa, da ya buɗe sabon labari sai ya ɗauko Alhaji Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don ya sami matar da za ta so shi don Allah. Watau ko da aka shiga unguwar talakawa, mai kuɗi muka bi a baya, talaucin kuwa riga ce da za a tuɓe in an gama jarrabawa. Gidan Sarauta kuma ɗan sarki ne da 'yar talaka. Har waɗanda aka yi da Turanci aka sa a Netflix, irin su Sons of the Caliphate na 2016 da War: Wrath and Revenge na 2023, Arewar da suka nuna wa duniya ita ce ta fada da gidan gwamna da 'ya'yan manya.

Ba na cewa kada a nuna mai kuɗi. Akwai masu kuɗi a Arewa, kuma su ma suna da labari. Abin da ke damuna shi ne da wuya a nuna mana inda kuɗin ya fito. Sai dai a ce Alhaji yana da kamfani. Kamfanin me? Me ake ƙerawa, me ake sayarwa, wa ke yin aikin? Mu da muka san yadda attajiran ƙasar Hausa na gaske suka taso, daga fataucin goro da gyaɗa da shanu da fata, mun san dukiya tana da tarihi. Yaron da ya tashi yana ganin dukiya ba tare da ganin wahalar da ta haife ta ba, me muke so ya ɗauka? Na ƙauye zai raina garmar ubansa. Budurwa za ta raina lefen da saurayinta ya yi shekara biyu yana tarawa. Ɗan Kurmi kuwa, irin ɗan wana, zai zo gida ya ga katangar ƙasa ya ji kamar an yaudare shi, ko kuwa ya ɗauka danginsa ne kaɗai Allah ya bari a baya.

Ciwon falo yana da ƙani, shi ne jan labari. Abin da za a faɗa a kashi 10 sai a kai shi 60. Za a nuna mutum ya fito daga ɗaki, ya shiga mota, ya yi tafiya, ya isa, ya yi sallama, a gaisa tun daga lafiyar iyali har gajiyar jiya. Abin da muka gani da idonmu makon jiya, sai wata ta zo ta ba ƙawarta labarinsa daga farko, ita kuma ƙawar ta ɗauki waya ta sake ba uwarta. Izzar So ya haura kashi 100 tun tuni. Labarin farko na Labarina ya yi tsawon da har sai da aka canja mai fitowa a Sumayya, Nafisa Abdullahi ta bari Fati Washa ta karɓa, 'yan kallo suka wayi gari da sabuwar fuska a tsohon suna. Shi kansa Daɗin Kowa da na yaba, ya shekara goma ana yi, kuma duk mai gaskiya ya san akwai lokutan da yakan yi ta kewaya wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke.

ME YA KAWO HAKA?

Kada mu ɗauka mutanen nan ba su san aikinsu ba ne. Sun sani sarai. Kasuwar ce ta tanƙwara su. YouTube ba ya sayen fim a hannun kowa. Talla yake sakawa a ciki, ya raba kuɗin tallar da mai fim gwargwadon yawan waɗanda suka kalla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya tsarga masa talla a tsakiya. Saboda haka kowane sabon kashi sabon kuɗi ne, kowane ƙarin minti wurin talla ne. Wanda ya ƙare labarinsa ya rufe shagonsa da hannunsa, sai ya sake neman 'yan kallo daga farko. Wanda ya yi mako biyu bai saki kome ba, jama'a sun koma wajen wani.

To, mutumin da dole ya fitar da awa guda kowane mako, da 'yan kuɗin da ke hannunsa, ina zai nufa? Fita kasuwa ko tasha ko gona da kyamara yana bukatar mota da mai, ga tsadar man fetur tun da aka janye tallafi a 2023, ga taron 'yan kallo da za su cika wurin, ga hayaniyar da za ta ɓata murya. Gidan mai hali kuwa yana da katanga da ƙofa da janareto, ba mai damun ka. Ka ari gida guda, ka zaunar da mutum biyu a kujera, ka ɗauki abin da zai ishe ka wata guda cikin 'yan kwanaki. Kun ga ashe falon da jan labarin uwarsu ɗaya, watau neman sauƙin aiki.

Na san abin da masu sana'ar za su ce. Za su ce jama'a ne ke son haka, talaka ya wuni cikin wahala, in ya dawo ba ya son a sake nuna masa wahala. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba na musu. Amma in haka ne ɗungum, me ya sa Kamaye ya fi attajiran fim da yawa suna a bakin jama'a? Me ya sa har yau dattawa ke tuna Samanja? Mutum yana son ya ga kansa a madubi, in dai madubin bai yi masa ƙarya ba, bai kuma yi masa dariyar raini ba. Wanda aka saba ba shi tuwo ɗaya kullum ba a ce shi kaɗai yake so ba, shi ya samu.

Kuma a tuna, kallon nan ba kyauta ba ne. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Maigadin da ke kwana a ƙofar wani a Lekki, da mai gyaran takalmi da ke yawo a Ikeja, da mai turin ruwa a Mushin, daga cikin guminsu suke yankar kuɗin da suke kallon waɗannan wasanni. Wanda ya sayar maka da hatsi ya cika rabin mudun da ƙaiƙayi, a kasuwa mun san sunan da ake kiransa. Minti 20 na gaisuwa da shiga mota a cikin awa guda, ƙaiƙayi ne.

INA LABARINKU?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai. Ku da kuke zaune a Kurmi kuna cikin manyan masu kallon wasannin nan, don kewar gida ta fi damun wanda ya yi nisa. Amma a cikinsu duka, ina wanda ya ɗauki rayuwarku ya mai da ita ginshiƙin labarinsa? In an ambaci Ikko a fim ɗin Hausa, galibi Alhaji ne zai hau jirgin sama ya je taro ya dawo da yamma.

Alhali kuwa ga labari nan jibge. Sabon Badun an kafa shi tun 1916, Hausawa sun fi shekara 100 suna fataucin goro da shanu a can, da sarkinsu da malamansu da masu masaukinsu. Akwai gidajen da aka haifi kaka da uba da jika duk a Agege. Akwai yaron da ya bar ƙauye a bayan tirela, a kan buhunan albasa, ba shi da kowa sai lambar wayar wani ɗan garinsu. Akwai wanda ya auri Bayarbiya, 'ya'yansa suna jin harshe uku, a can a ce musu 'yan Arewa, a nan a ce musu 'yan Kurmi. Akwai matar da aka bari a gida shekara uku tana jiran aike. Akwai abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, inda aka yi asarar rayuka da dukiya, aka kuma sami maƙwabta da suka ɓoye maƙwabtansu. Akwai dubban 'yan acaɓa da suka rasa abin yi sa'ad da gwamnatin Ikko ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi a 2022. Akwai mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla a gida. Duk wannan bai isa labari ba, sai rigimar Hajiya da kishiyarta?

Daga inda nake zaune ina wannan rubutu, tafiya kaɗan ce zuwa kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke kan Titin Ran. Kafin ya zama Firayim Minista malamin makaranta ne, kuma shi ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Ɗan ƙaramin littafi ne, mai karatu zai iya gama shi a dare guda. Labarin yaro ne da aka raba shi da gida aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa tana nema har ƙarfinta ya ƙare. Watau tun shekara 90 da suka wuce wani ɗan Bauchi ya gane cewa labarin wanda ya bar gida, da na wanda aka bari yana jira, shi ne ke taɓa zuciyar mutanenmu. Ya faɗe shi a taƙaice, ya kai ƙarshe, ya ajiye alƙalami, ga shi har yau ana karantawa.

Ku dubi maƙwabtanku Yarbawa kuma. Kunle Afolayan ya gina ƙauyen fim a Igbojaye ta Jihar Oyo, ya yi Anikulapo a 2022, ya biyo shi da mai dogon zango a 2024, zangon farko kashi 6 kacal. Ya nuna tufafinsu da sana'arsu da tarihinsu na da, duniya ta kalla. Na san kuɗin da ke hannunsa ba ya hannun namu. Amma ƙare labari a kashi 6 ba ya bukatar kuɗin Netflix, shawara ce ta marubuci.

Har ila yau, Arewa ba Kano kaɗai ba ce. Ba laifin Kanawa ba ne da sana'ar ta zauna a garinsu, su suka yi wahalarta. Amma ɗan Bauchi da ke Fatakwal yana so wata rana ya ga Kasuwar Wunti da mai suyar masa da duwatsun garinsu, ya ji irin Hausar da uwarsa ke yi, ya ga Bajari da Bafulatani da Basayi suna ciniki a kasuwa guda. Muna da 'ya'ya a sana'ar, ga Yakubu Muhammad nan ɗan Bauchi ne. Ina kira ga gidan telebijin na jiha da attajiranmu su sa hannu a yi ko da wasa guda ne mai kashi 13 a kan rayuwar wannan gari.

WA ZAI GYARA?

Wasu za su ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, a watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da wasanni 22, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakin su ba a kawo mata ta duba ba. Wannan maganar bin doka ce, kuma tana da muhallinta. Amma hukuma iyakarta ta ce a cire kaza, a rufe kaza. Ba ta da ikon sa marubuci ya yi labari mai ma'ana, ba kuwa za ta hana wasa don ya cika surutu ba. Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a watan Janairu na 2024, ita ce ya kamata ta dubi wajen horar da marubuta da nemo musu jari, don matsalar daga alƙalami take farawa kafin ta kai ga kyamara.

Ga masu sana'ar kuwa, shawarata uku ce. Kada a fara ɗaukar wasa sai an rubuta ƙarshensa, a kuma gaya wa jama'a tun farko kashi nawa ne. In ana tsoron rasa 'yan kallo, a bi hanyar da Aminu Saira ya nuna, a riƙe sunan wasan, a rufe labari guda a buɗe wani. Na biyu, a biya marubuci da kyau, a ba shi lokaci, don wanda ake tsaye a kansa ana jiran takardar da za a ɗauka gobe ba abin da zai iya sai cika ta da gaisuwa. Na uku, a fito daga falo. A hau tirelar nan a bi ta har Mil 12, a kwana a zango, a ji abin da mutane ke faɗi.

Sauran magana tana gare ku, 'yan'uwa. Ku ne masu biya, kuma mai biya yana da baki. Wasan da kuka ga yana ja muku rai ba dalili, ku bar shi, don yawan kallo shi ne abincinsa, ranar da ya ragu mai shi zai gyara ba sai an roƙe shi ba. Wanda ya yi abin kirki ku yaɗa shi, ku gaya wa na kusa. Ƙungiyoyinku na 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu da masu canji suna da ƙarfin da za su ɗauki nauyin wasa guda a kan tarihin zangonsu, in sun ga dama. Abin da ya fi duka kuma, in yaro yana kallo ku zauna kusa da shi, ku riƙa gaya masa wannan gaskiya ne, wannan kuwa ado ne na fim. In hali ya yi ku turo shi gida ya gani da idonsa, don gani ya kori ji.

Shi ɗan wan nawa sati uku ya yi mana. Na kai shi ƙofar fadar Sarki, na kai shi kabarin Tafawa Balewa, kakarsa ta cika shi da masa da tatsuniya, yaran unguwa suka koya masa langa. Ran da zai koma, muna tsaye a tasha, sai ya ce mini, "Baffa, me ya sa ba a sa Kaka a fim?" Na ce masa zan tambayi masu yi. To, ga shi na tambaya.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya albarkaci nema, ya sada mu da alheri.